Yadda za ka gane laifin koci ne ko na yara in difens ɗin jami'a ya lalace a ƙwallon Amurka

Duk ranar Asabar daga ƙarshen Agusta har farkon Disamba ni dai an san inda nake. Wasan da suke farawa ƙarfe 12 na rana a gabashin Amurka yana zuwa mana 5 na yamma agogon Najeriya da Nijar, in Nuwamba ta kama suka juya agogonsu sai ya koma 6, na dare kuma sai ka kai ukun dare ido biyu. Na jima ina bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i kuma ni abun da ya fi jan hankalina shi ne difens, mutum 11 ɗin nan da aikinsu kawai su hana. To 'yan uwa da suka fara kallo kwanan nan tambaya ɗaya suke yawan yi min, in aka zuba wa tim maki 40 laifin waye, kocin ne bai iya ba ko yaran ne ba su kai ba? Amsar tana cikin bidiyon wasan, sai dai fa sai ka san inda za ka ajiye idonka.

Abun da zan fara ba ka, wanda in ka riƙe shi sauran duk masu sauƙi ne: ɓaraka a difens iri biyu ce. Akwai wadda yaro yana daidai inda ya kamata ya tsaya amma aka fi shi ƙarfi ko aka fi shi gudu. Akwai kuma wadda wurin ma babu kowa, fili fetal, mai cafkar ƙwallo yana tsaye shi kaɗai kamar wanda yake jiran mota a bakin titi. Ta farkon maganar baiwa ce, Allah bai ba yaron ƙafa ko jikin da abokin karawarsa yake da shi ba. Ta biyun kuwa in ta faru sau ɗaya ka ce yaro ya yi mantuwa, in tana maimaituwa sati bayan sati da yara daban-daban to wallahi ka ɗaga kai ka dubi kodinetan difens, wato kocin da yake tsara difens ɗin, da mataimakansa, domin aikinsu kenan tun Litinin har Juma'a su tabbatar kowa ya san ƙofarsa.

Na ce ƙofa, bari in yi bayani. A gaban kwatabak, wato mai jifan ƙwallo a ɓangaren masu kai hari, akwai ƙarti 5 masu tare masa, tsakanin kowane biyu akwai rata, haka ma gefe da gefe, kowace rata ƙofa ce da mai gudu da ƙwallo zai iya bi. A difens mai tsari kowace ƙofa tana da mai ita. Don haka in aka yi doguwar tsere kar ka bi ƙwallon da ido, tsayar da bidiyon daidai lokacin da aka miƙa wa mai gudun ƙwallo ka ƙirga. Kwanaki na yi haka a waya, na ja bidiyon baya har sau shida da babban yatsa, a karo na farko na ɗauka layinbakan (mai tsaron da yake tsayawa a bayan layin gaba) ne rago don ya zo a makare, sai a na huɗu na lura su biyu suka faɗa ƙofa ɗaya, shi da na gabansa, kwalkwalinsu har yana gogar juna, ta kusa da su kuma a buɗe. Bayan an busa sai ga su suna nuna wa juna hannu, ɗaya ya buɗe tafukansa yana kallon benci. Wannan nuna hannun ka dinga lura da shi sosai, kamara takan nuna shi daƙiƙa biyu ko uku kafin ta koma kan masu murna, yaran da suka san aikinsu in an ci su sai dai su buga ƙirji su ce laifina ne, waɗanda aka rikita su da kira su ne suke tambayar juna.

Yanzu maganar lissafi, don nan ne mutane suke yawan ɓata. Kar ka yarda da jimlar yadin da aka ci tim a wasa, yadin nan dai da ake auna shadda da shi. Wani tim ɗin ofens ɗinsa, wato masu kai harinsa, gaggawa yake yi ba ya ɓata lokaci, to dole difens ɗinsa ya shiga fili sau da yawa, wani kuma tafiyar hawainiya yake yi yana cinye agogo, difens ɗinsa ya yi sinaf 55 ya tafi gida alhali na wancan ya yi 85. Ka raba yadin da adadin sinaf, wato duk lokacin da aka miƙo ƙwallo daga ƙasa aka fara wasa, abun da ya fito shi ne gaskiyar magana. Sannan ka duba maki nawa ake cin su a kowane zuwan abokan gaba, daga karɓar ƙwallo har su ci ko su rabu da ita. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, a lissafin jami'o'i in aka kayar da kwatabak a baya yadin da aka rasa daga na gudu ake cirewa, ba kamar gasar ƙwararru ta NFL ba, sabida haka tim mai yawan sak, wato kayar da kwatabak ɗin nan, zai iya fitowa a takarda kamar gwanin tare gudu alhali ba haka abun yake ba. Ka ware sak ɗin gefe tukunna.

Ka kuma zubar da wasannin Satumba da manyan jami'o'i suke biyan ƙanana kuɗi su zo gidansu a lallasa su, ka zubar da kwata ta huɗu in an riga an ba da ratar maki 30 'yan benci ne a fili. Ma'aunin SP+ na Bill Connelly yana yin wannan tankaɗe da rairayar, yana kuma la'akari da ƙarfin wanda aka kara da shi, ni da shi nake fara buɗe ido kafin in je bidiyo. Shi ne ma ya yaɗa wani lissafi mai amfani na ɓarna, ka haɗa takil, wato kayar da mai riƙe da ƙwallo, da aka yi a bayan layi da ƙwallon da aka doke daga hannu da jifan da aka kaɗe ko aka cafke, ka raba da adadin sinaf. Difens ɗin da yake ɓarna da yawa galibi akwai wani dodo a layin gabansa.

Sai abun da ya fi yaudara duka, ƙwace ƙwallo. Dubi jami'ar USC a 2022, shekarar farkon koci Lincoln Riley a can, kwatabak ɗinsu Caleb Williams ya ɗauki Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan shekara, difens ɗin Alex Grinch yana sahun gaba a ƙasar wajen ƙwace ƙwallo, mutane suna ta yabo. Amma duk wanda yake kallon takil ɗinsu ya san akwai matsala, yara suna zuwa da kafaɗa ba sa rungumar mutum, suna zuwa a karkace mai gudu ya goce su wuce. Da ƙwacen ya ɗauke sai komai ya fito fili, Utah ta ba su 47 da 24 a wasan kofin rukuninsu na Pac-12, sannan a Cotton Bowl ranar 2 ga Janairu 2023 suna gaba da maki 15 saura ƙasa da minti 5 Tulane ta zo ta cinye su 46 da 45, Tyjae Spears shi kaɗai ya yi gudun yadi 205. Aka bar Grinch ya ƙara shekara, har sai da Washington ta zuba musu 52 a farkon Nuwamba 2023, Dillon Johnson ya tsere musu yadi 256, washegari aka sallame shi. Alamar tana nan tun shekara guda kafin nan. Ƙwallon nan ba zagayayya ba ce, in ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta yi tsalle, wanda ya tsinta rabo ne, amma takil ba rabo ba ne, koyarwa ce ta kullum a filin atisaye. Ni in zan auna koci da abu ɗaya tak to takil ne, musamman a buɗaɗɗen fili, kuma ba na yaro ɗaya ba, na duka tim ɗin, har da yawan rigunan da suke isowa wajen ƙwallo kafin a busa.

Matsalar kallo a talabijin ita ce kamara ƙwallo take bi, masu tsaron can baya ba ka ganinsu da zarar an fara. Dabarar ita ce daƙiƙa uku kafin sinaf, lokacin hoton yana da faɗi. Ƙirga sefti, wato masu tsaron can ƙarshen baya, biyu ne a can sama ko ɗaya? In biyu ne koci yana tsoron dogon jifa ya yarda a ɗan ci shi da gudu, in ɗaya ne ya sauko da mutum ƙasa don tare gudu ya bar konabak ɗinsa, mai tsare mai cafka a gefen fili, da Allah. Dubi ƙugun konabak ɗin, in ya juya yana kallon kwatabak yanki yake tsaro, in ya zuba wa mai cafka ido ya ba kwatabak baya to mutum da mutum ne. Daga nan sai ka tambayi kanka tambayar da ita ce asalin auna koci, abun da ya sa yaran nan su yi, za su iya kuwa? Kocin da konabak ɗinsa ba shi da gudu amma kullum yana barinsa shi kaɗai da yaron da ya fi kowa tsere a fili, in aka ci yaron ba laifin yaro ba ne. Filin jami'a ma yana ƙara tona wannan asirin, don layukan da ake ajiye ƙwallo a kai sun fi na NFL nisa da juna, in aka ajiye ta a na hagu ɓangaren dama ya zama sarari guda, a nan ake gane wanda yake da ƙafa.

Misalin da nake so a nan shi ne jami'ar jihar Ohayo. Sun ɗauko Jim Knowles a 2022, mutum ne mai son kai hari da yawan blis, wato turo ƙarin mutane su afka wa kwatabak, alƙaluman shekarar sun gyaru, sai ranar wasa da Mishigan a gidansu a Kolombus aka ci su 45 da 23, tachdawun 5 (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki) daga nesa, yadi 69, 75, 45, 75 da 85. Haɗa su ka gani, 349 daga cikin yadi 530 na duk wasan a sinaf 5 kawai. Ka ga yara ne masu taurari ba ƙarancin baiwa ba, an dai turo kowa gaba ne babu mai tsare bayan gida, mutum ɗaya ya kuskure shi kenan sai dai a bi da ido. Abun da ya burge ni shi ne Knowles ya gyara, ya rage cacar, ya bar sefti a sama, a 2024 kuma Caleb Downs ya taso daga Alabama bayan kocinsu Nick Saban ya yi ritaya, difens ɗin ya zama na ɗaya a ƙasar suka ɗauki kofi a kan Notre Dame 34 da 23 a Janairun 2025. Sabida haka kar ka yanke wa kodineta hukunci da shekarar farko, ka duba ko ciwon da ya kwantar da shi bara shi ne dai ya sake kwantar da shi bana.

A cikin wasa ɗaya ma za ka iya gwada wannan. Zuwan farko da na biyu na abokan gaba galibi tsararru ne tun daga gida, in suka ci a nan ban cika damuwa ba. Ka jira ka ga abun da ya ci su a kwata ta farko, in yana nan yana cin su a kwata ta uku bayan an shiga ɗaki an fito to benci yana barci. Ka lura da ƙananan abubuwa kuma, mutum 12 a fili, ƙona hutun neman shawara don yara ba su jeru ba, wani yana gudu daga benci an riga an yi sinaf. Tun 2024 an yarda a sa na'urar magana a kwalkwalin ɗan wasa ɗaya, mai koren ɗigo a baya, koci yana masa magana har zuwa saura daƙiƙa 15, to uzurin kira bai iso ba ya ragu sosai.

Yanzu mu koma kan yaran su kansu. Kowane yaro da yake fitowa daga sakandare a Amurka kamfanoni irin 247Sports da Rivals suna ba shi taurari, daga 2 zuwa 5, masu 5 ɗin ba su wuce talatin da ɗoriya ba a duk ƙasar kowace shekara. Wasu suna raina wannan amma gaskiya yana aiki in ka ɗauki tim gaba ɗaya, Bud Elliott ya jima yana nuna cewa galibin masu ɗaukar kofin ƙasa su ne waɗanda fiye da rabin yaran da suka ɗauka a shekara 4 masu tauraro 4 ko 5 ne. Sai dai a kan yaro ɗaya tauraro hasashe ne kawai. Texas A&M ta kwashi ajin da ya fi na kowa a 2022 amma ta ƙare da ci 5 faɗuwa 7, har Appalachian State ta zo gidanta ta doke ta 17 da 14, duk da dai yaran sabbin shiga ne a lokacin.

In kana son ganin baiwa da idonka ka bar na baya tukunna ka fara da layin gaba, nan ne ake rabuwa tsakanin manya da matsakaita, don masu gudu suna da yawa amma ƙato mai gudu tsada gare shi. Tambaya ɗaya ce, da mutum 4 kawai suna iya takura kwatabak ko sai an ƙaro layinbaka? Tim ɗin da mutum huɗunsa suka isa to yana da 7 a baya suna tsaro, kocinsa zai fito kamar gwani ko da kira mai sauƙi yake yi. Kuma kar ka auna na tsakiya da sak. Jordan Davis na Jojiya sak 2 kawai ya yi a 2021 amma shi aka ba kyautar Outland da ta Bednarik, sabida mutum biyu ake sa wa su tare shi kusan kullum, hakan ya bar Nakobe Dean a sake yana shiga ƙofa ba mai taɓa shi. Davis ɗin nan ya kai kilo 155 amma ya yi tseren yadi 40 cikin daƙiƙa 4.78 a gwajin NFL. Don haka in ka ga layinbaka yana tara takil ka duba waye a gabansa, haka in ka ga mai kai hari daga gefe yana tara sak ka duba waye a ɗaya gefen. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Sukotland, ya yi sak 11 a Mishigan a 2021, yaro ne mai saurin tashi ƙwarai ba na rage masa komai, amma a ɗaya gefen akwai Aidan Hutchinson mai 14 wanda hankalin kowa yake kansa. Ka kuma ƙirga mutum nawa ake juyawa a layin gaban, tim mai mutum 8 da za su iya shiga shi ne yake da numfashi a kwata ta huɗu a watan Nuwamba.

To ta yaya za ka ware hannun koci daga jinin yaro? Ka haɗa ƙofar shiga da ƙofar fita. Dubi taurarin da yara suka shigo da su, sannan ka dubi zagayen da NFL ta ɗauke su a diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa, bayan shekara 3 ko 4. Nan ne nake cire wa Phil Parker na Ayowa hula. Mutumin yana kodinetan difens ɗinsu tun 2012, yawancin yaransa masu tauraro 3 ne, irin su Desmond King da ya ci kyautar Thorpe a 2015 da Jack Campbell da ya ci Butkus a 2022 Detroit ta ɗauke shi a zagayen farko. Ba ya yawan blis, tsaron yanki yake yi kowa idonsa a kan kwatabak, ba a cin su dogon jifa da arha, kuma suna takil. Wasansu na farko a 2022 sun ci 7 da 3 ba tare da tachdawun ko ɗaya ba, bugun ƙafa ɗaya mai maki 3, sai difens ya samo maki 2 sau biyu ta hanyar kayar da mai ƙwallo a ƙarshen filinsa. A 2023 ofens ɗinsu shi ne na ƙarshe a yawan yadi cikin jami'o'i sama da 130 amma suka ci wasa 10, aka ba Parker kyautar Broyles ta mataimakin koci. Ka yi tunanin difens ɗin da yake komawa fili kowane minti biyu ba hutu kuma bai karye ba. Sai dai ko shi akwai inda ƙarfinsa yake tsayawa, da suka haɗu da Mishigan a wasan kofin Big Ten an tashi 26 da nema.

Wani abu da ya sauya lissafin shi ne sauya sheƙa. Tun 2021 yaro yana iya barin makaranta ya buga a wata ba tare da ya zauna shekara ba, ga kuɗin talla da aka halatta musu a Yulin shekarar. Yanzu kafin kaka ta fara sai ka duba mutum nawa ne suka dawo, musamman sefti da layinbakan tsakiya masu jera sauran. Tim ɗin da ya sayo mutum 7 sababbi zai iya yin ɓarakar nuna hannu a Satumba ba laifin kowa ba, amma in an shiga Nuwamba ana yi to ka san inda za ka duba.

In kana son gwada duk wannan, nemi wasa biyu na Jojiya da Alabama na kakar 2021 a YouTube. Difens ɗin Kirby Smart da Dan Lanning a shekarar maki 10.2 kacal ake cin sa a wasa, mutum 5 daga cikinsa aka ɗauka a zagayen farko na diraf ɗin 2022, Travon Walker na ɗaya gaba ɗaya. Amma a Atlanta a Disamba kwatabak ɗin Alabama Bryce Young ya jefa musu yadi 421, ba su kayar da shi ko sau ɗaya ba, aka tashi 41 da 24. Bayan sati 5 a Indiyanafolis, ranar 10 ga Janairu 2022, yaran su ne dai ba a canza su ba, suka kayar da shi sau 4 suka cafke jifansa 2, na ƙarshen Kelee Ringo ya mayar yadi 79, Jojiya ta ci 33 da 18. Ka sa a lissafi cewa Alabama ta rasa mai cafkarta John Metchie tun wasan farko, ɗaya mai cafkar Jameson Williams kuma ya ji ciwo a gwiwa kafin a tafi hutun rabin lokaci a na biyun, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Samu biro da takarda ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya ka rubuta yana wurin aka fi shi, ɗaya gefen ka rubuta babu kowa a wurin, duk sinaf ɗin da Alabama ta ci yadi 15 ko fiye ka tsayar ka sa alama. A kallo na biyu kuma ka manta da ƙwallon gaba ɗaya, ka bi 'yan difens ɗin Jojiya masu lamba 99 da 88 da 17, ka ga daga ina matsin yake fitowa a wasan Janairu wanda babu shi a na Disamba.